Muryar Mama a Kwamfutar Yaya

Aikina koyar da kwamfuta ne a wata sakandare a Kafanchan, shi ya sa dangi suka maishe ni likitar duk wani abu mai waya a jiki. Wanda wayarsa ta faɗa ruwa, ni. Wanda rediyonsa ya yi shiru, ni, sai ka ce an taɓa gaya musu ina gyaran rediyo. Ina faɗa ina karɓa, haka muke da su. Amma a cikin duk abin da aka taɓa kirana in duba, guda ɗaya ne har yau in na tuna shi ina cin abinci nake ajiye cokali, wato kwamfutar yayana.

Mu biyu ne wurin Mama, shi babba, ni ƙarama. Mun tashi a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, inda kowane gida da yarensa, sai Hausa ta zama ta kowa. Da ita muka yi wasa, da ita muka yi dambe, da ita muka yi addu'a a coci. Yarenmu kuwa muna ji in ana aikenmu ko ana zaginmu, amma mu buɗe baki mu mayar, sai tsofaffi su yi ta dariya. Da Babanmu ya rasu, Mama ta koma ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Kagoro. Yaya, da yake malamin firamare ne, ya nemi canjin makaranta ya bi ta da iyalinsa. Ni aure ya riƙe ni a gari.

A can ƙauye ne abin ya shiga ransa. Shi ke koyar da mawaƙan coci, kunnensa ba ya barin waƙa ta wuce. Ya lura Mama in tana ita kaɗai tana tsince acca, takan yi wasu waƙoƙi da yare waɗanda bai taɓa ji a bakin kowa ba, na niƙa, na rarrashin jariri, na rakiyar amarya, na makoki. Da ta ji motsin mutum sai ta juya ta kama waƙar zumuntar matan coci da Hausa, domin tun tana yarinya aka gaya musu waɗancan kayan duhu ne. Yaya ya yi ta lallashinta har ta yarda. Ya sayi tsohuwar kwamfuta ta gwanjo, irin mai akwatin nan da ake turawa ƙarƙashin tebur, da makirfo da sifika, ya kafa su a ɗan ɗakin da yake karatu. Ni na haɗa masa su, ina tsokanarsa cewa ya sayo kakar kwamfutoci.

Yana da yadda yake yi. Kafin Mama ta fara kowace waƙa, shi zai yi magana tukuna, ya faɗi ko waƙar mece ce da lokacin da ake yinta, ya ɗan zolaye ta, ya ce yau murya ta sha zuma ko kuwa gishiri. Ita kuma ta ce masa ɗan banza, su yi dariya, sannan ya ce, “To, Mama, sai ke.” Haka suka yi ta yi, damina da rani, har ƙarfinta ya ƙare. Da Ubangiji ya kira ta, abin da muka riƙe muka yi haƙuri da shi ke nan, cewa muryarta tana nan a ɗakin Yaya. Sa'o'inta da suka san waƙoƙin duk sun riga ta tafiya.

Wata Asabar na je gaishe su, ya ce in zo in ji wata waƙar niƙa da ya sake ganowa. Ya kunna kwamfutar, ta daɗe tana tunani kafin ta tashi. Ya danna fayil ɗin, ta tsaya cik, sannan ta saki. Ana cikin haka na ji wani ɗan ƙara daga cikin akwatin, ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake. Na tambaye shi tun yaushe take haka, ya ce ai ta kwana biyu, tsufa ne, kamar gwiwar mutum.

Na zaunar da shi na yi masa darasin da nake yi wa 'yan aji ɗaya. Duk abin da ka ajiye a irin wannan kwamfuta yana zaune ne a kan faifan ajiya, wanda masu gyara ke ce wa had-dis. Ɗan akwatin ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba. A cikinsa akwai faifai mai ƙyalli da ke juyawa da gudun tsiya, da wani siririn hannu mai kai kamar na allura, yana kai da kawowa a samansa yana rubutawa yana karantawa. Kamar garmahon da Babanmu yake da shi a kwatas, sai dai shi wannan allurar ba ta taɓa faifan, iskar juyawar ce ke ɗaga ta, tazarar ko gashin kai bai kai ta siranta ba. Ranar da ta taɓa, ta kankare wurin, abin da ke rubuce a nan ya tafi. Ƙarar nan da muke ji, hannun ne ke fita neman hanyarsa ya rasa, ya koma ya bugi madogararsa, ya sake fita. Faifan da ya fara haka ba ya warkewa. Yana da sauran numfashi kaɗan, kuma duk kunnawa ɗaya ana cin wannan numfashin ne.

Ya tsorata, gaskiya, har ya cire tabarau. Na ce ya kashe ta yanzu, ya zare waya daga bango, kada ya ƙara kunnawa ko da bishop ne ya zo ya ce yana son ji. Zan sa a kawo mini sabon faifai daga Kaduna, in zo in kwashe komai a zama ɗaya, domin filash ɗin da ke jakata ko rabin waƙoƙin ba zai ɗauka ba, kuma ba na so a wahalar da faifan sau biyu. A gabana ya zare wayar ya naɗe ta. Yaya mutum ne mai jin magana, ni ce dai ba na ji.

Sabon faifan ya iso hannuna Yaya yana kwance a asibiti. Zazzaɓi aka ce da farko, daga baya aka ce ya taɓa ƙoda. Wa ke maganar kwamfuta a lokacin? Kafin mu gama fahimtar sunan ciwon ma, ya tafi.

Bayan an yi biso, wato jana'iza, mutane sun fara raguwa, sai ƙanin Babanmu, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya tara mu. Shi ne babban gida a lokacin. A wurinmu in magidanci ya rasu, ana tattara kayansa a ɗaki guda a kulle, ba mai taɓa ko allura sai an yi sujadar cikar shekara a coci, matarsa ta cire baƙin kaya, dattawa su zauna su raba. Aka kwashi rigunan Yaya da takalmansa da littattafan waƙa aka zuba a ɗakin karatun nan, inda kwamfutar take. Baba Ƙarami ya ce a kawo kwaɗo, aka ciro na ɗakin ajiyar hatsi aka ba shi, ya datse ƙofar ya jefa makullin a aljihu.

Na bi shi har gindin mangwaro na durƙusa, abin da ban cika yi ba. Na ce ba kwamfutar nake so ba, yini ɗaya kawai nake roƙo, a gabansa, in kwafe muryar Mama in mayar masa da ɗakinsa. Ya saurare ni har na gama.

“'Yata, ƙarfe ne, ba doya ba ne. Ba zai ruɓe ba.”

Na ce Baba, wannan ƙarfen ba shi da lafiya. Ya ce shi ya ga gidajen da suka watse a kan fartanya ɗaya da wani ya ɗauka kafin lokaci, kuma in ya buɗe mini yau, gobe wani zai zo da nasa dalilin mai kyau. Sannan ya ƙara da abin da ya ƙona mini rai, wai ni 'yar aure ce, bakina yana gidan mijina. Nan fa na manta a durƙushe nake. Na faɗi maganganu, har matan da ke wanke tukwane suka tsaya da aiki. Shi ko a jikinsa, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Na je wurin fasto, fasto ya ce in yi haƙuri, shekara ba ta da nisa.

Da na huce na lallashi kaina da abin da na sani. Faifan da yake a kashe yawanci yana jira, ba ya ƙara lalacewa don kansa. Abin da na ji wa tsoro shi ne danshi, domin duk wanda ya san daminar gindin duwatsun nan ya san takalmi ma fure yake yi a ƙarƙashin gado. Kowane ruwa ya sauka a Kafanchan, hankalina yana kan rufin ɗakin nan.

Na riƙa zuwa ƙauye duba matar Yaya. Matarmu nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malama, ko maigida in tana jin tsokana. 'Yar wajen Kasuwan Magani ce, yarensu daban da namu, da Hausa suka yi zaman aurensu. Mace ce marar hayaniya, ga yaran suna makarantar kwana, sai ta zama ita kaɗai a sashensu da baƙin zane. Ta rame. In na je ba ni da hira sai ta kwaɗon nan, in harare shi in yi ta ɓaɓatu a kan Baba Ƙarami da al'adarsa, ita tana jin ni tana kallon ƙasa. Sau ɗaya ta tambaye ni, wai in abin nan yana ƙas-ƙas, ba a samun ya gyaru da kansa? Na ce ina, ai kunna shi ma kashe shi ne, na kama yi mata bayanin allura da faifai kamar tana ajina. Ta ce to, ta tashi ta shiga kicin.

Shekara ta cika, aka yi sujada, aka ci shinkafa, matarmu ta sa atamfa mai launi. Dattawa suka zauna, Baba Ƙarami ya buɗe ɗakin. Wari ya bugo mu, rigunan da ke kusa da bango duk sun yi fumfuna. Da aka zo kan kwamfuta ya dube ni ya ce a ba mai baki kayanta, a huta. Na rungumi akwatin na hau bayan mashin da shi har bakin titi, ina ce wa mai mashin ya bi ramuka a hankali kamar ya ɗauko mai ciki.

A ɗakin kwamfutocin makarantarmu na yi aikin, ranar da babu ɗalibai. Ban kunna ta yadda take ba. Na kwance murfin, na share ƙura, na duba ko ruwa ya taɓa wani wuri, ban ga tsatsa ba, har na fara murna. Na ciro faifan na haɗa shi a jikin wata lafiyayyar kwamfuta a matsayin na biyu, don kada a sa shi wahalar tayar da na'ura, abin da ke kansa kawai nake so. Sabon faifan nan da ya shekara a cikin kwalinsa yana gefe yana jira. Na yi addu'a na danna.

Kwamfutar ta tashi, amma ba ta ga baƙon ba. A irin wannan ba a fara zargin faifai, ana fara zargin abin da ya fi sauƙi. Na kashe, na canza wayar da ke ɗaukar bayanai, na kunna, babu. Na canza ta wuta, na canza ramin da ake sokawa, na shiga allon farko inda kwamfuta ke nuna duk kayan da ke jikinta, wurin sunansa fayau. Sai na yi abin da nake gudu tun da safe, na kwantar da kunnena a kan ƙarfen. Na ji ya ɗauki juyawa, sannan ƙas, ƙas, sai wani sabon ƙara da ban ji ba a ɗakin Yaya, shuu, kamar ana jan tsintsiya a kan siminti. Ya rage gudu ya tsaya. Na zare wuta da sauri.

Da labari ya bazu a ɗakin malamai, kowa ya zama gwani. Wannan ya ce in sa shi a firij ya kwana, wancan ya ce in ɗan buga shi da ƙotar sukudireba, wani ma cewa ya yi in buɗe in hure shi da baki. Na ce duk wanda ya matso kusa da teburina sai mun raba hali. Faifai ba a buɗe shi a ɗakin da ake sharewa da tsintsiya, ƙwayar ƙura ɗaya a wurin allurar nan dutse ce.

Aka yi mini kwatancen wani mutum a Kaduna da ke da akwatin gilashi mai tace iska, inda ake buɗe irinsu. Na naɗe faifan a zane na ɗora a cinya, na shiga mota. Har muka wuce Maraban Rido ban sayi ko ruwa ba, ina ta tsara yadda zan kunna wa Baba Ƙarami waƙar makoki in ga idonsa. Mutumin ya karɓa, ya sa safar hannu, ya kwance murfin ina kallo ta gilashi. Ba sai ya yi magana ba. A kan faifan da ya kamata ya yi ƙyalli kamar madubi, ga zobe nan fari an kankare shi zagaye, ga wani a cikinsa, ga wani. A kusurwa akwai ɗan ƙyallen tacewa, ya yi baƙi da wani gari mai laushi. Ya nuna mini garin da bakin hantsaki ya ce, “Madam, abin da kuka ajiye, ga shi nan.”

Na tambaye shi ko danshi ne, don na zo da amsata a baki. Ya girgiza kai. Ya ce faifan da aka bari a kashe ba ya yin haka. Wannan an yi ta kunna shi ne bayan ya fara ciwo, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma ga alama an sha bugunsa yana cikin juyawa. Na ce ba zai yiwu ba, ɗakin a kulle yake shekara guda. Ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da murfin ya miƙo mini.

Ban sauka a Kafanchan ba, na zarce ƙauye. A hanya na gama yanke hukunci: tsohon nan ya hana ni makulli ya ba wani, wataƙila jikokinsa su yi wasa. Na cika na batse. Na shiga sashen matarmu tukuna don in ja ta mu je tare ta zama shaida. Rana ta karkata, tana zaune a tsakar gida tana tsaga citta tana bazawa a kan buhu. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na zazzage mata komai, zoben, garin, maganar mutumin. Na ce ta tashi mu je.

Ba ta tashi ba. Ta ajiye wuƙar ta goge hannu a zane.

“Malama, kada ki je wurin Baba. Ni ce.”

Na tsaya da jaka a kafaɗa. Ta ce kwaɗon ai na ɗakin hatsinsu ne, makulli biyu gare shi, ɗayan yana ɗaure a bakin zanenta tun ranar da aka saye shi. Watannin farko ba ta ko kalli ƙofar ba. Wata rana da azahar aka kawo wuta, kowa yana gona, ta ga fitilar ɗakin ta kama ta ƙarƙashin ƙofa, domin a kunne aka kulle ta. Ta shiga don ta kashe. Sai ga kujerarsa, ga wayar da ya naɗe da hannunsa. Ta sha zama kusa da shi yana aiki, ta san inda yake dannawa. Ta ce sau ɗaya ta yi niyya.

Daga ranar, duk lokacin da aka kawo wuta da rana kuma gida ya yi shiru, tana ciki. In an ɗauke wuta tana tsakiyar ji, ta jira a dawo da ita ta sake kunnawa. In kwamfutar ta maƙale, ta ɗan mari gefen akwatin yadda Yaya ke yi wa rediyonsa, kuma da farko tana saki. Ranar da ta yi mini tambayar nan, kwamfutar ta riga ta daina tashi, ta yi ta gwadawa har ta gaji. Ta so ta gaya mini, ta ga yadda nake da Baba Ƙarami, tsoro ya kama ta.

Allah ya sani, maganar da ta taso mini a maƙogwaro a lokacin, da ta fito da mun rabu har abada. Muryar uwata ce fa aka niƙe ta zama gari, da mari, kamar rediyo. Na buɗe baki, ta riga ni.

“Shekara guda ba a bar ni na taɓa ko rigarsa ba. Kowa ya zo sai ya ce in yi haƙuri. A can ciki kuwa dariya yake yi.”

Na sauke jakar na zauna a kan turmi. Ni da nake zuwa gidan nan ina kallon ƙofa, ban taɓa tunanin cewa muryoyi biyu ne a kulle a ɗakin ba. Ni ta Mama nake nema, ita ta mijinta. Muka yi kuka, ƙamshin citta yana shiga mana ido yana ƙara mana.

Da muka lafa, wani ɗan fata ya taso mini. Na ce to matarmu, tunda kin yi watanni kina ji, ai waƙoƙin sun zauna miki, ko ba ki san ma'anarsu ba. Ki rera mini, in ɗauka a waya, Baba Ƙarami ya fassara. Ta sunkuyar da kai. Ta ce ita ba waƙar take zuwa ji ba. Da ya ce “To, Mama, sai ke,” Mama ta ja baiti ɗaya, sai ita matarmu ta mayar da fayil ɗin farko don ta sake jin maganarsa. In ta ƙoshi da wannan ta shiga na gaba, ta yi haka nan. Ban gaya mata ba, amma wannan komawa baya da ake ta yi a wuri guda shi ne aikin da ya fi gajiyar da hannun nan mai ciwo. Me faɗar za ta ƙara?

Duk da haka na ce ta yi mini abin da ta riƙe. Ta gyara zama ta rufe ido. Sai ta fara da maganar Yaya, kalma bayan kalma, da yadda yake jan “to” ɗinsa, da zolayar zuma da gishiri, har da inda yake tari. Sannan ta ja bakin waƙar da yaren da ba nata ba, da karin da Mama ke yi, ta tsaya. Ta shiga ta gaba. Waƙar niƙa, ta jariri, ta amarya, duk ta san ƙofarsu, ba ta san cikin ko ɗaya ba. Na ɗauka a waya, kuma a ranar na kwafe shi wuri-wuri, har na tura wa yaran Yaya da 'yata. Yanzu in ina koya wa ɗalibai cewa abin da ke wuri ɗaya tak daidai yake da abin da babu, suna ganin masifata ce kawai ta motsa.

Ina baƙin ciki har yau, ba zan ɓoye ba. Yini ɗaya na roƙa. Da an ba ni, da matarmu ta samu muryar mijinta a waya ta ji har ta gaji ba tare da ta saci hanya ba, da mu ma mun samu Mama. Amma na rasa wanda zan ɗora wa. Tsohon yana tsare gida ne yadda ya gada, ita kuma tana neman abin da za ta riƙe ta kai gobe. Faifan yana cikin durowata a naɗe a zanen nan, na kasa yar da shi.

Ita da kanta ta ce mu je wurin Baba Ƙarami ta faɗa masa, ba ta son zama da abin. Muka same shi a gindin mangwaronsa bayan an tashi daga coci. Ta durƙusa ta faɗi komai, ta kwance makullin daga bakin zane ta ajiye a gabansa. Na shirya tare mata faɗa, amma bai yi ba. Ya daɗe yana kallon makullin. Sannan ya tambaya ko gaskiya ne ta riƙe wani abu, ta ce kaɗan. Ya ce ta yi masa.

Ta ja bakin waƙar rarrashin jariri. Na ga tsohon ya ɗago kai da sauri. Ya ce wannan ai uwarsu ce ke yi musu ita, shi da Babanmu, a wurinta Mama ta koya da aka kawo ta gidan, rabonsa da jin ta tun yana yawo ba wando. Na ce to Baba, sai ka ƙarasa mana. Ya motsa leɓe, ya ɗan yi gunaguni, ya girgiza kai, ya ce waƙar mata ce, su maza ji kawai suka yi, ba su riƙe ba. Ya ce ta sake daga farko.

Ta sake. Ya rufe ido, yana kaɗa kai a hankali, hannunsa yana bubbuga gwiwa. Ta kai inda take tsayawa ta yi shiru. Hannunsa ya ci gaba da bugawa shi kaɗai, yana jira.

“Ci gaba mana, 'yata.”

“Iyakarta ke nan, Baba.”

Bai buɗe idon ba. Muka zauna a wurin mu uku har inuwar mangwaron ta bar mu, sannan ya laluba ƙasa ya ɗauki makullin ya miƙa mata.